Shin Daula Tana Jin Yunwa?

Daga cikin fannonin labarin ƙasa da a ke koya wa mai neman zama malamin makaranta, akwai wani wanda ba ruwansa da tsawon koguna ko yawan ruwan sama. Shi abin da ya ke dubawa shi ne dauloli, watau inda su ke zaune a bisa doron ƙasa, da iyakokinsu, da dalilin da ya sa wata ta ke faɗaɗa wata kuwa ta ke tsukewa. A cikin wannan fanni ne muka gamu da wata magana wadda ta daɗe tana yawo a bakin masanan Turai, cewa wai daula halitta ce mai rai: a kan haife ta, ta yi girma, ta tsufa, ta mutu, kuma ba ta rayuwa sai da abinci, abincinta kuwa ƙasa ce. Mun ga ya kamata mu baje wannan magana a faifai gaban 'yan'uwanmu masu karatu, gama mu ne gobe za mu tsaya gaban yara da alli a hannu, taswira tana rataye a bango, abin da muka faɗa musu kuwa shi za su ɗauka su tafi da shi gida.

Maganar ba ta yi mana baƙunci a kunne ba, domin harshenmu ya riga ya share mata hanya. Da kalma ɗaya Bahaushe ya ke kiran turɓayar da ya ke noma da kuma mulkin da ya ke zaune ƙarƙashinsa, duka ƙasa ce. In sarki ya yi nasara a yaƙi a kan ce ya ci gari, kamar yadda a kan ce yaro ya ci tuwo. Manomin da ya tura kunyarsa cikin gonar maƙwabcinsa, cin iyaka ya yi. Ita iyakar ma har baki gare ta. In rijiyoyi suka ƙafe, kasuwa ta watse, mutane suka ƙaura, sai a ce garin ya mutu. Saboda haka in aka ce wa ɗan Hausa daula tana ci tana mutuwa, ba zai yi gardama ba, zai ga kamar abin da ya sani ne tun yana goye. Wannan sauƙin karɓa shi ya sa muka ce a tsaya a bincika.

Kwatanta jama'a da jikin mutum tsohon abu ne ƙwarai. Masu tarihin Rum sun ce shekara 494 kafin haihuwar Annabi Isa talakawan birnin suka yi fushi da manyansu, suka fita suka zauna bisa wani tudu. Manya suka aiki wani dattijo, Menenius Agrippa, ya je ya ba su labarin yadda gaɓoɓi suka ƙulla wa ciki makirci, suka ce shi kullum sai ci ba aiki, suka hana shi abinci, har jikin duka ya rame, su ma suka rasa ƙarfi. Talakawa suka ji, aka yi sulhu, suka komo. A wajen malaman Musulmi kuma, Alfarabi, wanda ya rasu a shekara ta 950, ya kwatanta birni nagari da jiki lafiyayye, shugaba yana a matsayin zuciya, sauran ma'aikata suna a matsayin gaɓoɓin da ke taimakon juna. Sa'an nan ga Ibnu Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406. A cikin Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377, ya bayyana cewa daula tana da ajali kamar mutum, kuma galibi ba ta wuce tsara uku, kowace tsara shekara 40, watau shekara 120. Tsara ta fari ta kan kafa mulki da wahala da haɗin kai, ta biyu ta saba da daɗin birni, ta uku ta manta wahalar gaba ɗaya, sai haraji ya yi nauyi, zalunci ya yawaita, mulki ya ruɓe.

Mu da muka fara karatu a makarantar allo mun san darajar misali, gama da shi malam ya kan kusantar da abu mai nisa ga hankalin almajiri. Abin lura ga waɗannan magabata shi ne, dukansu sun san misali su ke bugawa, kuma idonsu yana kan cikin gida ne. Nufinsu gaɓa ta ji tausayin 'yar'uwarta, kamar yadda mu ke cewa abin da ya taɓa hanci idanu ke ruwa, ko kuwa sarki ya ji tsoron ƙarshen zalunci. Ko da ya ke ba mu manta ba cewa labarin ciki da gaɓoɓi daga bakin mutumin ciki ya fito, duk da haka babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce wa mai mulki, jikinka yana jin yunwa, tashi ka cinye maƙwabcinka.

A ƙarni na 19 ne al'amarin ya sake kama. A 1859 Darwin, mutumin Ingila, ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu, inda ya nuna yadda su ke kokawar rayuwa. Masana da yawa suka ɗauki wannan ma'auni na tsirrai da dabbobi suka shiga auna al'umman mutane da shi. Wanda ya shigar da shi cikin labarin ƙasa shi ne wani Bajamushe, Friedrich Ratzel, wanda aka haifa a 1844. Ya fara da koyon haɗa magunguna, sa'an nan ya yi karatun ilmin dabbobi, ya shiga yaƙin Jamus da Faransa na 1870 har aka yi masa rauni. Daga 1873 zuwa 1875 ya yi yawo a Amurka yana aika wa wata jarida labarai, ya ga ƙasar da ta taso daga gaɓar tekun gabas ta miƙe har tekun yamma, jirgin ƙasa yana ratsa ta, 'yan asalin ƙasar kuwa ana ta tura su gefe. Daga 1886 ya zama babban malami a jami'ar Laifzig, yana nan har ya mutu a 1904. Mutumin da ya saba duban yadda ciyawa ta ke yaɗo tana kashe wata ciyawa, da wannan ido ya dubi taswirar duniya.

A 1896 ya rubuta ƙa'idodi bakwai na girman dauloli, a 1897 kuma ya fitar da babban littafinsa na labarin ƙasa na siyasa. Ga taƙaitaccen abin da ƙa'idodin suka ƙunsa. Faɗin daula yana ƙaruwa tare da wayewar mutanenta. Fatake da masu yaɗa addini da ra'ayi su ke yin gaba, mulki ya biyo sawunsu. Daula tana girma ta wajen haɗiye ƙananan ƙasashe. Iyaka gaɓa ce ta wajen jiki, kamar fata, tana miƙewa in jiki ya ƙaru. Daula mai girma ta kan nufi wurare masu amfani, kamar bakin teku da kwarin kogi da ƙasa mai ma'adinai. Sha'awar faɗaɗa ta kan zo wa ƙaramar al'umma daga waje. Ta bakwai kuwa, kwaɗayin ƙasa yana yaɗuwa daga daula zuwa daula, kullum yana daɗa tsanani. A 1901 ya ƙara da wata maƙala a kan abin da ya kira Lebensraum, watau filin rayuwa, yana cewa kowane jinsin halitta yana bukatar fili, kokawar rayuwa kuma kokawar fili ce.

Sai mu tuna da zamanin da aka yi wannan rubutu. Daga watan Nuwamba na 1884 zuwa Fabrairu na 1885 wakilan ƙasashe 14 suka zauna a Balin suna tsara ƙa'idodin da za su bi wajen mallakar ƙasashen Afirka, ba ɗan Afirka ko ɗaya a wurin. A 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a takarda suka raba Adamawa, Yola ta faɗa hannun ɗaya, yawancin ƙasarta ta faɗa hannun ɗayan. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa suka ci Garwa, Lamiɗo Zubairu ya shiga gudun hijira har ya rasa ransa a 1903. Ba littafin Ratzel ne ya jawo wannan ba, gama an fara tun bai rubuta shi ba. Abin da littafin ya yi shi ne ya sa wa aikin rigar malanta, har wanda ya ƙwace ƙasar wani ya sami bakin cewa dokar halitta ya bi. Amma a yi masa adalci: shi da kansa ya rubuta cewa daula halitta ce wadda ba ta cika ba, domin mutanen da ke cikinta kowa yana da ransa da ra'ayinsa, ba kamar gaɓoɓin dabba ba. Waɗanda suka biyo bayansa suka riƙe misalin, suka yar da gargaɗin.

Na farkonsu shi ne Rudolf Kjellen, malamin siyasa kuma ɗan majalisa a ƙasar Suwidin, wanda ya ƙago kalmar Geopolitik a 1899. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fitar da littafi wanda sunansa kansa ya ke cewa daula wani nau'i ne na rayuwa, a 1917 aka juya shi da Jamusanci, ya sami karɓuwa ƙwarai. A ganinsa ƙasa ita ce gangar jikin daula, wajibi ne kuma daula ta mallaki abin da zai ishe ta ba ta dogara ga kowa ba. Da aka ci Jamus da yaƙi, sulhun Basai na 1919 ya yanke mata wajen kashi 13 cikin 100 na ƙasarta a Turai, ya karɓe dukan ƙasashen da ta mallaka a ƙetare. Ga mutanen da aka koya wa cewa ƙasa jiki ce, wannan yankan gaɓoɓi ne. Sai wani janar mai ritaya, Karl Haushofer, wanda ya taɓa zama a Japan, ya shiga koyar da wannan fanni a jami'ar Munik, a 1924 kuma ya kafa mujalla domin yaɗa shi. Cikin almajiransa akwai Rudolf Hess, aminin Hitila. A 1924, sa'ad da Hitila da Hess ke tsare a kurkukun Landsbag, Haushofer ya kan kai musu ziyara. Littafin da Hitila ya fara rubutawa a can ya fito a 1925 da 1926, a ciki kuwa ya faɗa ƙarara cewa Jamus za ta nemi filin rayuwa a gabas, a ƙasar Rasha da maƙwabtanta.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A watan Maris na 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya, cikin shekarar ta yagi wani yanki na Cekosulobakiya, a Maris na 1939 ta shiga babban birninta. Ran 1 ga Satumba 1939 ta afka wa Polan, ran 22 ga Yuni 1941 ta afka wa Tarayyar Sobiyat. Kafin sojoji su tashi an riga an tsara a ofis cewa za a kwashe hatsin ƙasar a ciyar da Jamus, mutanen biranenta kuwa a bar su da yunwa. Tarayyar Sobiyat ta yi hasarar rayuka wajen miliyan 27, Polan kusan miliyan 6, Yahudawan Turai da aka hallaka wajen miliyan 6. Masu tarihi sun saɓa a kan gwargwadon laifin Haushofer, gama Hitila ya fi ɗora gininsa bisa wariyar jinsi, shi kuwa Haushofer ya fi son Jamus ta yi ƙawance da Rasha. Ƙarshensa dai abin tausayi ne: 'yan Nazi suka harbe ɗansa Albrecht a Afrilu na 1945, shi da matarsa kuma suka kashe kansu a Maris na 1946. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turawa ce can nesa. Italiya ta Musolini tana da tata kalmar mai ma'anar filin rayuwa, ta kuwa afka wa Habasha a 1935. Shugabannin sojan Japan ma da hujjar ƙuncin tsibiransu suka kama Manchuriya a 1931, daga baya suka bazu har Bama. Sojojin Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, suna cikin waɗanda suka kori Italiya daga Somaliya da Habasha a 1941, kuma runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a dazuzzukan Bama tsakanin 1943 da 1945. Akwai gidaje a garuruwanmu da suka yi rakiyar saurayi zuwa tashar jirgi ba su sake ganinsa ba. Maganar da aka fara a zauren karatu a Laifzig, ga inda ƙurarta ta kai.

To, yanzu bari mu gwada misalin kamar yadda a ke gwada amsar lissafi, mu ga ko zai tsaya. Gwaji na fari: an ce daular da ba ta faɗaɗa ba mutuwa za ta yi. Bayan 1945 Jamus ta rasa wajen rubu'in ƙasar da ta ke da ita a 1937, aka raba sauran gida biyu, Jamusawa wajen miliyan 12 kuma suka kwararo daga gabas suka cunkushe a ciki. In ƙa'idar gaskiya ce, da ƙasar ta shaƙe. Sai ga shi cikin shekara goma masana'antun Jamus ta Yamma sun rasa isassun hannuwa, har gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Italiya a 1955, da Turkiyya a 1961, domin a kawo ma'aikata. Ƙasar da aka ce ta yi wa mutanenta kaɗan, ita ce ta koma neman baƙi. Japan ma da ta koma cikin tsibiranta ta fi dā arziki nesa ba kusa ba. Suwizalan tana nan cikin iyakarta tun 1815. Singafo, wadda ta sami 'yancin kanta a 1965, faɗinta bai kai murabba'in mil 300 ba, ɗan abin da ta ƙara ma teku ta cike, yawancin abincinta saye ta ke yi, amma mutanenta suna cikin mafi wadata a duniya. Wani abin mamaki kuma, a Jamus ɗin ne masana suka gano hanyar yin takin zamani daga iska a 1909, aka kafa masana'antarsa a 1913. Watau maganin ƙarancin hatsi yana cikin ɗakinsu, suka tsallake shi suka tafi neman gonar wani.

Gwaji na biyu a kan mutuwa ne. Maƙwabtan Polan uku suka raba ta a 1772 da 1793 da 1795, har sunanta ya ɓace daga taswira shekara 123, sa'an nan ta komo a 1918. Ran 1 ga Janairu 1993 Cekosulobakiya ta rabu biyu da yardar shugabanninta, ba a zubar da jini ba, kowane ɓangare yana nan yana harkarsa. Ba mu san wata dabba da a ke cinyewa ta komo bayan shekara ɗari ba, ko wadda ta kan zauna ta yi shawara ta tsaga kanta.

Gwaji na uku a kan iyaka ne, wadda aka ce fata ce. Wannan kam ba sai an ba mu labari ba. Iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar ta samo asali daga layin da Ingila da Faransa suka ja a 1890 daga Sayi zuwa Barruwa, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Fata tana raba jiki da abin da ba jiki ba. Wannan layi kuwa ya bi tsakanin Katsina da Maraɗi, alhali sarakunan Katsina na dā ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Ya bi tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, da tsakanin Daura da Magarya. Harshe ɗaya ne a kowane gefe, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, wani ma gidansa yana nan gonarsa tana can. Abin da mutane suka zauna suka ja da alƙalami, suka goge suka sake ja har sau huɗu, yarjejeniya ce, ba a haifi kowa da ita ba.

Gwaji na huɗu shi ya fi nauyi a wurinmu. A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka tambayi mutanen Kamaru ta hannun Ingila inda su ke so su zauna. Na arewa suka zaɓi Nijeriya, ƙasarsu ta zama Lardin Sardauna, na kudu suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ba a taɓa tambayar yatsa wane hannu ya ke so ya bi ba, gama yatsa ba shi da ra'ayi, in an yanke shi kuma ba ya rayuwa. Mutum kuwa yana da ra'ayi, yana iya ƙaura, yana iya ƙin umurni, yana iya kai ƙara. Nan ne misalin ya karye sarai. Kama da wane ba ta wane.

In misali ya karye amma aka ci gaba da riƙonsa kamar gaskiya, ɓarna biyu ya kan haifa. Ta fari, yana ɗauke laifi daga kan mai laifi. Ba a kai kura gaban alƙali don ta ci akuya, gama halinta ke nan. In an yarda daula dabba ce mai yunwa, to wanda ya sa hannu a takardar yaƙi ya kuɓuta, sai a ce lokacin girma ne ya zo. Alhali kuwa daula ba ta da ciki. Masu jin yunwa mutane ne, masu kwaɗayi ma mutane ne, suna da sunaye, ana iya tuhumarsu, kamar yadda aka tuhumi manyan Nazi a Nurambag a 1945 da 1946. Ɓarna ta biyu ta fi muni. In al'umma jiki ce, wanda mai mulki ya ƙi sai a kira shi cuta, maganin cuta kuwa a fitar da ita. Da irin wannan harshe 'yan Nazi suka kira Yahudawa, da shi kuma suka kashe naƙasassu da masu taɓin hankali na ƙasarsu wajen 70,000 tsakanin 1939 da 1941, suna cewa tsabtace jikin al'umma su ke yi. Duk ranar da muka ji mai mulki ya fara kiran waɗansu talakawansa da sunan ciwo, sai mu san wuƙa a ke wasawa.

Wani zai ce, ashe babu gaskiya ko kaɗan cikin maganar Ratzel? Akwai. Wurin da ƙasa ta ke zaune yana da hukunci a kanta. Masar ba ta da rai sai da Kogin Nilu. Nijar ba ta da bakin teku, dole kayanta su ratsa ƙasar wani. Mulki kuma ya kan yi ƙarfi ya yi rauni, yadda Ibnu Haldun ya lura. Malamin da ya ɓoye wa yara wannan ya cuce su. Inda muka rabu da Ratzel shi ne wajen magani. Bukatar ruwa da hanya da hatsi ana biyanta da ciniki da alkawari. Saboda haka ne a 1964 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da Tafkin Cadi tare, maimakon kowa ya ce bakinsa ne ya fi kusa da ruwan.

Duniya ma ta ɗauki darasi, ko da ya ke ba ta haddace shi sosai ba. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 ta hana a taɓa ƙasar wata daula da ƙarfin makami. A 1964 shugabannin Afirka suka taru a Alƙahira suka yarda kowa ya tsaya kan iyakar da ya gada ranar samun 'yanci, ba don iyakokin suna da kyau ba, sai don sun san in aka fara warware su ba a san inda za a tsaya ba. Da Nijeriya da Kamaru suka yi jayayya a kan Bakasi, Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002, aka sa hannu a yarjejeniya a 2006, aka gama miƙa yankin a 2008. Hukuncin ya yi wa mutane da yawa ciwo, musamman masuntan da ke zaune a wurin, amma ba a yi yaƙi ba, Nijeriya kuwa ba ta mutu ba. Duk da haka kwaɗayin ƙasar maƙwabci bai ƙare ba. Iraƙi ta mamaye Kuwaiti a 1990, Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kuma afka wa Yukuren a 2022. Mai son cin iyaka ba ya rasa malamin da zai samo masa hujja.

Wannan shi ya komo da mu ga aikinmu. A Midil mun haddace sunayen ƙasashe da launinsu a taswira, yanzu kuwa da mu ke gwajin koyarwa mun ga tambayar da yara su kan fi yi ita ce, “Malam, me ya sa wannan ƙasa ta fi waccan girma?” Amsa mai sauƙi tana nan a bakin harshe, a ce babban kifi shi ke haɗiye ƙarami, yara su yi dariya, a wuce. Mun yi shawara tsakaninmu ba za mu ba da wannan amsa ba, domin yaron da ya ji ta daga bakin malaminsa zai tashi yana ganin ƙwace hali ne na duniya wanda ba makawa. Za mu gaya musu wanda ya ja layin, da shekarar da ya ja shi, da ko an tambayi mutanen wurin ko ba a tambaye su ba. In mun buga musu misalin jiki, za mu buga shi yadda magabata suka yi, don su san ciwon lardi ɗaya ciwon ƙasa ne duka, sa'an nan mu nuna musu inda misalin ya tsaya, kada su wuce da shi. Za mu kuma koya musu su auna girman daula da lafiyar talakawanta da adalcin alƙalanta da yawan yaranta masu karatu, gama faɗin ƙasa bai taɓa cika tumbin kowa ba.

Muna roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai, da malaman da suka riga mu fita aiki, su duba wannan magana da idon basira. Cikin yaran da ke zaune gabanmu akwai hakimai da alƙalai da hafsoshin gobe, abin da aka shuka musu kuwa shi zai tsiro. Allah ya ba mu ikon koyar da gaskiya, ya zaunar da ƙasashenmu da maƙwabtanmu lafiya, amin.